Yadda Ake Fatsar Tirawut ɗin Rafi da Ƙwaron Bogi a Ƙoramun Duwatsun Amurka

A gabashin Amurka akwai jerin tsaunukan Appalachia, waɗanda suka taso daga kudu wajen jihohin Alabama da Georgia suka miƙe har cikin Kanada. Daga kansu dubban ƙananan ƙoramu ke gangarowa ta cikin daji, wasu ma da tsalle ɗaya za ka tsallake su. A cikin irin wannan ruwa mai sanyin ƙanƙara ne tirawut ɗin rafi ke zaune, kifin da masana ke kira Salvelinus fontinalis. Ɗan asalin wurin ne, ba kawo shi aka yi ba. Shi ya sa jihohi irin su Pennsylvania, New York, Virginia da West Virginia suka ɗauke shi a matsayin kifin jiha.

Ba babban kifi ba ne. A ƙoramar dutse yawancinsu inci 5 ne zuwa 8, wanda ya kai inci 10 kuwa abin ba da labari ne. Mafi girma da aka taɓa kamawa ya kai kusan kilo 6 da rabi, a kogin Nipigon na lardin Ontario a shekarar 1915, amma wancan babban kogi ne mai yalwar abinci. Mai neman abin miya ya nufi kasuwa. Abin da ke kai mutane cikin dutsen shi ne kyan kifin da kuma wayon da kamunsa ke buƙata. Bayansa kore ne mai duhu da zane a murɗe, gefensa da ɗigo-ɗigon ja, kowane ɗigo da zoben shuɗi kewaye da shi, fukafukansa na ƙasa ja ne da farin layi a baki, baƙin layi na bin farin. Da wannan farin bakin ake gane shi tun yana cikin ruwa.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe kafin komai. Ruwan kan dutse ba shi da abinci sosai, don haka kifin nan kullum da yunwa yake, ba ya tsirfa. Kusan duk abin da ya faɗo ruwa mai kama da ƙwaro zai kai masa cafka. Sai dai matsoraci ne na ƙin ƙarawa, domin tsuntsaye da macizan ruwa da dabbobin bakin rafi duk shi suke hari. Idan ya gan ka, magana ta ƙare. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka tsaya.

Mataki na farko: lasisi da neman ƙorama

Kowace jiha da nata lasisin kamun kifi, ana saye ta intanet cikin 'yan mintoci, kuma akwai na kwana ɗaya ko 'yan kwanaki don baƙo. Wasu jihohin suna neman ƙarin izini na musamman don tirawut. Jami'an gandun daji suna tambaya, tarar kuma ta ninka kuɗin lasisin nesa ba kusa ba.

Wanda ke zaune a yankin Washington, Maryland ko Virginia, ɗaya daga wuraren da ke kusa da shi shi ne gandun Shenandoah, inda kogin Rapidan da Rose da Hughes suke. A bakin Rapidan ne shugaba Herbert Hoover ya gina sansaninsa na hutu a 1929 saboda wannan kifin, kuma har yanzu ginin nasa na nan. A can sakin kifi ake yi bayan an kama. A kudu kuma akwai gandun Great Smoky Mountains tsakanin Tennessee da North Carolina, inda lasisin kowace daga jihohin biyu ke aiki. A gandayen nan biyu doka ta hana tana da duk wani abincin ƙugiya mai rai. Abin yaudarar kifi na bogi mai ƙugiya ɗaya kawai aka yarda da shi, kamar ƙwaron bogi, wato ƙugiyar da aka ɗaura wa gashi ta yi kama da ƙwaro. A Smoky an hana ɗaukar kifin tun 1976, sai a 2006 aka sake buɗewa, da sharaɗin kada ka tafi da wanda bai kai inci 7 ba.

A kudancin tsaunukan sai ka hau sama kafin ka same shi, galibi sama da ƙafa 3,000. Dalili kuwa, a farkon ƙarni na 20 kamfanonin katako sun share dazuzzukan, rana ta doki ruwa ya yi ɗumi, laka ta rufe tsakuwar da yake ƙwai a ciki. Aka kawo wasu tirawut ɗin daga yammacin Amurka, da wani mai ruwan ƙasa da aka fara shigowa da shi daga Jamus a 1883, suka mamaye ƙasa-ƙasan rafuka. Ɗan gida ya koma sama, bayan magangarun da baƙin ba su iya hawa. Saboda haka in ka buɗe taswira, nemi siririn layin shuɗi da ke cikin daji, nesa da titi, wanda ke da magangara a ƙasansa. A arewa, wato Maine da tsaunukan Adirondack da Quebec, sanyi ya wadata, ba sai ka yi wannan hawan ba.

Mataki na biyu: kaya

Wanda ya saba da fatsar tarwaɗa ya san cewa nauyin dalma da tana ne ke jan zare zuwa ruwa. Nan akasin haka ne. Ƙwaron bogi gashin kaza ne da gashin dabba da zare da aka ɗaure a ƙugiya, ba shi da nauyin da za a jefa. Igiyar ce mai kauri da nauyi, ita ake wurgawa, ƙwaron ya bi ta a baya.

Sanda gajera kake so, ƙafa 6 da rabi zuwa 7 da rabi, mai lamba 2 ko 3 (lambar na nuna nauyin igiyar da ta dace da ita), domin rassa sun rufe ƙoramar ta ko'ina. Igiya mai yawo a saman ruwa, lambarta daidai da ta sandar. Kwarkwaron naɗe igiyar kada ka kashe masa kuɗi. Kifin da bai wuce tafin hannu ba ba zai ja igiya ya gudu da ita ba, aikin kwarkwaron ajiya ne kawai. A ƙarshen igiyar ana ɗaura zaren nailan marar launi mai tsawon ƙafa 7 da rabi, kauri a gindi, siriri a baki. Nemi wanda bakinsa ke da alamar 4X ko 5X. Yadda lambar ke hawa, haka zaren ke sirancewa. Ka riƙe ƙaramin ƙullin zare mai lamba ɗaya da shi don ƙari idan bakin ya gajarce.

Game da ƙwari, masu shago za su nuna maka ɗaruruwa. Guda biyar sun isa. Parachute Adams, mai ɗan farin tukku da ke sa ka gan shi a inuwa. Elk Hair Caddis, wanda ba ya nutsewa da wuri. Royal Wulff, mai fararen fukafukai. Tururuwa ko buzuzun soso don watannin zafi. Sai Pheasant Tail guda ɗaya mai ɗan dutsen ƙarfe a ka, wanda ke nutsewa ya yi kama da tsutsar ƙwaro. Girman ƙugiya daga 12 zuwa 16. Nan ma babbar lamba ce ƙaramar ƙugiya. A ganina mai farawa ya tsaya a 14, ya zaɓi wanda idonsa ke iya bi a kan ruwa. Ƙwaron da ba ka gani ba shi da amfani, ko da kifin na sonsa.

Sauran tarkacen: man shafa wa ƙwaro don kada ya jiƙe, ɗan abin yanke farce na yanke zare, ƙaramin hantsaki na cire ƙugiya, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da ma'aunin zafin ruwa. Da hantsakin nan ka matse ƙayar kowace ƙugiya, wato ɗan tsinin da ke kallon baya yana hana ta fita, ta kwanta tun a gida. Tufafi kuwa kore mai duhu, ruwan ƙasa ko toka. Farar riga da farar hula a bar su a mota. Takalmi ya zama mai kama dutse, kuma ka sani wasu jihohi irin su Maryland sun haramta mai tafin ulu saboda yana ɗaukar gansakuka da cututtuka daga wani rafi zuwa wani.

Ƙulli ɗaya zai fitar da kai. Zura zare a idon ƙugiya, ka murɗa bakin a jikin zaren sau biyar ko shida, ka dawo da shi ta ƙaramar kafar da ke jikin idon, sannan ta babbar kafar da ka buɗe yanzu. Jiƙa da yawu kafin ka ja, in ba haka ba gogayya ta ƙona zaren ya tsinke a lokacin da ba ka so.

Mataki na uku: auna ruwa kafin ka kwance sanda

Tsoma ma'auni a cikin ruwa mai gudu, a inuwa, ka jira minti ɗaya. Tsakanin digiri 10 da 16 a ma'aunin Selshiyas kifin yana cikin nishaɗi, yana cin abin sama. Idan ya kai 20, wato 68 a ma'aunin Amurkawa, naɗe kayanka. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa, kuma wahalar ja-in-ja a irin wannan yanayi kan kashe shi ko da ka sake shi ya yi iyo a gabanka. Ko ka ƙara hawa sama inda ruwan ya fi sanyi, ko ka mai da ranar ta yawon daji.

Watannin Afrilu, Mayu da Yuni su ne ganiyar abin. A Yuli da Agusta ruwa na ja baya, sai da sassafe ko bayan an yi ruwan sama. Da hunturu sai rana ta take, kuma ƙwaro mai nutsewa ne kaɗai ke aiki.

Mataki na huɗu: sanɗa

Nan ne aikin yake. Kifi a ruwa mai gudu kullum kansa na fuskantar inda ruwan ke zuwa, don daga can abinci ke tahowa. Saboda haka ka bi hanyar ƙafa ka sauka a ƙasa, ka riƙa hawa ƙoramar kana zuwar masa ta baya. Wanda ya bi ruwa yana gangarawa, kifayen sun gan shi tun kafin ya san suna nan, ga kuma lakar da ƙafarsa ke tayarwa tana yi masa shela.

Ƙoramar dutse hawa-hawa take: gurbi, ɗan magangara, wani gurbin a sama. Wannan ya taimake ka, domin idan ka tsaya a gurbin ƙasa, na sama yana daidai ƙirjinka, duwatsun bakinsa sun kāre ka. Ka durƙusa. In ta kama rarrafe, ka rarrafa. Ka laɓe bayan dutse ko kututture, ka tabbata bayanka daji ne ba sararin sama ba, don motsin mutum a kan hasken sama ne ya fi tsorata su. Duba inda rana take, kada inuwarka ko ta sandarka ta faɗa kan gurbin. Taka a hankali kuma, domin kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da shi. Dutse ya gogi dutse a ƙarƙashin ƙafarka, ya ji. Iyakar iyawarka kada ka shiga ruwan.

Da ka samu maɓoya, kada ka jefa tukuna. Zauna minti ɗaya ko biyu kana kallo. Da farko tsakuwa kawai za ka gani. Can sai ka lura da wata inuwa doguwa da ke ɗan karkaɗawa a kan tsakuwar, sai farin bakin fiffike ya bayyana, sai ka ga ashe kifi ne tsaye a ruwan da bai kai gwiwa ba, yana ɗan gocewa hagu ya cafki wani abu ya dawo mazauninsa. Sau da yawa inuwarsa a ƙasa ake fara gani kafin shi.

Kowane gurbi yana da wurare huɗu da ya kamata ka sani. Akwai wutsiyar gurbi, inda ruwa ya yi laushi ya taru kafin ya zube. Nan wani kifi kan tsaya, kuma shi ne ya fi kusa da kai. Shi za ka fara jefa wa. In ka tsallake shi ka jefa gaba, igiyarka ta bi ta kansa, zai ruga cikin gurbin a firgice, sauran duk su shige ƙarƙashin dutse. Sai layin kumfa a tsakiya: duk inda kumfa ke bi, nan ruwa ke tara ƙwari. Sai lungunan gefe, bayan dutse ko ƙarƙashin saiwar itace, inda ruwa ke juyawa. A irin wannan lungu kifi kan juya ya fuskanci ƙasa saboda ruwan ya juya, don haka zai iya ganinka. Na ƙarshe shi ne kan gurbi, gefen farin ruwan da ke zubowa, kuma galibi babban gidan a nan yake zama.

Mataki na biyar: jifa

Dogon jifan da ake gani a bidiyo, igiya na kai da komo a sama, ba na nan ba ne. Reshe na bayanka, reshe na samanka. Yawancin jifanka ba zai wuce ƙafa 10 zuwa 20 ba, sau da yawa ma zaren nailan ne kawai da ɗan guntun igiya a waje.

Inda akwai sarari a baya, ɗaga sanda da sauri ka tsaya cak daidai kunnenka, ka bar igiya ta miƙe a baya, ka turo gaba ka sake tsayawa cak. Tsayawar ce ke harba igiya, ba ƙarfin damtse ba. Kafin kowane jifa waiwaya ka duba bayanka.

Inda babu sarari, yi jifan mirgine. Bar igiya a kan ruwa gabanka, ɗaga sanda a hankali har ta ɗan wuce kafaɗarka, igiyar ta yi lanƙwasa a gefenka, sannan ka buga gaba. Igiyar za ta mirgina a kan ruwa ta miƙe ba tare da ta je baya ba.

Inda rassa suka rufe har ba damar ɗaga sanda, akwai jifan baka. Fito da zare daidai tsawon sanda, ka kama ƙwaron ta lanƙwasar ƙugiya da babban yatsa da manuniya, tsinin na kallon waje. Nuna sanda inda kake so, ja ƙwaron baya zuwa gefen kunnenka har sanda ta tanƙwaru, ka saki. Kama shi ta gaban tsini kuwa, yatsanka zai fara kamawa. Wani lokaci ma ba jifa: ka laɓe bayan babban dutse, ka miƙa sanda ta kansa, ka sauke ƙwaron a hankali ya taɓa ruwa.

Bayan ƙwaro ya sauka, so ake ya taho da gudun ruwan kamar ba a ɗaure yake ba. Matsalar ita ce ruwan wutsiyar gurbi, daidai inda zai zube, ya fi na tsakiya sauri, in igiyarka ta kwanta a kai zai fizge ta, ƙwaron ya riƙa tsaga ruwa yana barin layi a baya. Ƙwaron gaske ba ya haka, kifi kuma ya sani. Maganin shi ne ɗaga hannu sama, sanda a sama, igiya duk a iska, ƙwaron da ɗan zare kaɗai ke taɓa ruwa. Yayin da yake tahowa wajenka kana ƙara ɗaga sanda kana janye rarar igiya da hannun hagu. Daƙiƙa uku ko huɗu na tafiya mai kyau sun isa.

Jifan farko a kowane wuri shi ne mai daraja. In ka yi uku ko huɗu masu kyau a kowane lungu ba abin da ya taso, ko ba kifi ko ya gan ka. Wuce gaba. Sababbin shiga kan ɓata rabin awa a gurbi ɗaya suna canja ƙwaro, alhali gurbi hamsin na jiransu a sama. In ruwa ya yi sanyi sosai ko ya ƙaru bayan ruwan sama kuma ba sa tasowa, ɗaura guntun zare mai tsawon inci 12 zuwa 18 a lanƙwasar ƙugiyar ƙwaron sama, ka sa Pheasant Tail a ƙarshensa. Na sama ya zama alama: da ya nutse ko ya tsaya, ɗaga. Amma ka duba dokar wurin ko ta yarda da ƙwaro biyu.

Mataki na shida: kamu da saki

Cafkarsa kamar walƙiya take, kuma da ya ji gashi ne ba nama ba zai tofar. Ɗaga sanda nan take, amma da wuyan hannu kawai. Fizga da ƙarfi kan cillo ɗan kifin sama ya faɗa cikin ciyawa a bayanka. In ya kai hari ya kuskure, ɗan dakata ka sake jefawa; in dai bai ji tsinin ƙugiya ba yakan dawo.

Jawo shi da sauri, kada ka yi wasa da shi har ya galabaita. Jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, domin busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta. Kada ka matse cikinsa, kada yatsa ya shiga kunnensa inda yake numfashi, kada ka ajiye shi a kan dutse ko yashi. Da yake ka riga ka kwantar da ƙayar ƙugiya, juyi ɗaya da hantsaki ta fita, kifin yana cikin ruwa. In hoto kake so, shirya waya tukuna, ɗaga shi daƙiƙa biyu ko uku a kan ruwa, ka mayar. Riƙe shi a ruwa mai laushi kansa na fuskantar gudun ruwa har ya fizge da kansa. In ƙugiya ta shige can ciki, yanke zaren ka bar ta. Tono ya fi ta illa.

Inda doka ta yarda a ɗauka, ɗaya ko biyu ba laifi, kuma namansa na da daɗi. Sai dai a irin wannan ƙorama da wuya kifi ya wuce shekara uku ko huɗu, kuma wanda ya kai girman ɗauka shi ne mai yin ƙwai.

Abin da daji ke ɓoyewa

Dutse mai santsi ya fi komai jikkata mutane, kuma a yawancin kwarurrukan nan babu sabis na waya. Faɗa wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo. Akwai macizai masu dafi iri biyu a tsaunukan, mai ƙararrawa a wutsiya da mai jan kai, suna son shan rana a kan duwatsu, don haka duba kafin ka ɗora hannu. Baƙin beyar, wata babbar dabbar daji, yakan kauce in ya ji motsin mutum. Kada ka gudu, kada ka matsa kusa da 'ya'yansa. Kaska ta fi su duka yawa, kuma tana ɗauke da cutar Lyme, saboda haka ka binciki jikinka da ka koma gida. Ruwan ƙorama duk kyansa kada ka sha sai an tace.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba kifin ke ƙwai. Namiji yakan yi ja kamar garwashi a ciki, macen kuma ta share tsakuwa da wutsiyarta a wutsiyar gurbi ta zuba ƙwai ta rufe. Za ka gane wurin da wani ɗan fili mai haske, faɗin faranti, a tsakiyar tsakuwa mai duhu. Kifin da ka gani a kai ka ƙyale shi. Ƙwan yana nan cikin tsakuwar duk tsawon hunturu, sai wajen Fabrairu ko Maris 'ya'yan ke fitowa, don haka a waɗannan watanni in za ka tsallaka ruwa, taka manyan duwatsu, kada ka taka tsakuwa. Da ka dawo gida ka wanke takalminka, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka kai shi wata ƙorama.